Yajin Aikin Kwal na 1902: Yadda Roosevelt Ya Shiga Faɗan da Doka Ba Ta Sa Shi Ba

Ranar 12 ga Mayu, 1902, mahaƙan kwal kusan 147,000 a gabashin jihar Pennsylvania ta Amurka suka jingine diga da shebur, suka ce ba mai sake shiga rami sai an saurare su. Mutanen manyan birane ba su ɗauki abin da zafi ba. Sanyi ya riga ya wuce, kuma kowa na zaton kafin hunturu ya zagayo yunwa za ta kora mutanen nan su koma bakin aiki, kamar yadda aka saba gani. Wata biyar suka shuɗe ramukan na nan shiru. Kwal ɗin da ake saye dala 5 tan guda ya kai dala 20 a New York, shi ma in an samu. Shugaban ƙasa Theodore Roosevelt kuwa yana zaune a keken marasa lafiya da ƙafa a naɗe, yana shirin yin abin da ba wani shugaban Amurka da ya taɓa yi kafin shi.

An fi tuna Roosevelt da dokokin da ya sa wa hannu: ta duba lafiyar nama da magunguna, ta ƙayyade kuɗin dakon jirgin ƙasa, da dazuzzukan da ya killace. Amma mai son sanin halin mutumin, wannan rikici zai duba, domin a nan ba shi da ko ayar doka ɗaya da zai dogara da ita.

Kwal ɗin da masu shi

Kwal iri biyu ne. Akwai mai laushi mai hayaƙi, abincin masana'antu da jiragen ƙasa. Akwai kuma mai tauri, antirasait, baƙi wuluk mai sheƙi, wanda ke ci a hankali ba ya turnuƙe ɗaki. Shi ne na gida. A wancan zamani da shi ake girki a New York da Boston da Philadelphia, da shi ake ɗumama ɗaki da aji da asibiti. Sanyin can ya wuce wanda bargo da wutar kara ke magani: ruwa daskarewa yake a cikin famfo, kuma a gidan da babu wuta tsoho ko jariri na iya kwanciya ya ƙi tashi. Kusan duk kwal mai taurin ƙasar daga wani ɗan yanki yake fitowa wanda bai kai murabba'in mil 500 ba, a kewayen garuruwan Scranton da Wilkes-Barre da Hazleton da Shenandoah.

Mafi yawan ramukan na wasu 'yan tsirarun kamfanonin jirgin ƙasa ne. Su ke haƙa, su ke dako, su ke yanke kuɗin dakon, don haka ƙaramin mai rami da ba shi da layin dogo sai yadda suka yi da shi. Jagoransu shi ne George Baer, shugaban kamfanin Philadelphia and Reading, lauya ɗan kimanin shekara 60. A bayan Baer kuma akwai J. P. Morgan, hamshaƙin mai banki na New York, wanda ya tayar da kamfanin bayan ya durƙushe, kuma shi ya ɗora Baer a kan kujerar.

Mahaƙi ba albashin wata yake karɓa ba. Biyansa ake bisa tarago ko tan na kwal da ya fito da shi, kuma a nan cutar take. Tan na kasuwa laba 2,240 ne, amma a wasu ramukan tan ɗin da ake auna wa mahaƙi ya haura laba 3,000, wai don a rage nauyin duwatsu da ƙasa. Bayan wannan ma, mai duba tarago na kamfani yana iya sake zaftare wani abu, ga shi babu wakilin ma'aikata a bakin sikeli. A cikin abin da ya saura mahaƙi zai sallami yaron aikinsa, ya sayi albarushin fasa dutse a hannun kamfani, ya biya hayar gidan kamfani, a wasu wuraren kuma ya ci bashi a kantin kamfani. Yara na duƙe a kan benci tun safe suna tsince duwatsu daga cikin kwal da yatsunsu. Doka ta ce sai ɗan shekara 12, amma takardar shekaru ba ta da wuyar samu. Ɗaruruwan mutane ke mutuwa a ramukan kowace shekara.

Abin da ya daɗe yana kare masu kamfani shi ne rarrabuwar kan ma'aikata. Tsofaffin hannu 'yan Ireland ne da Wales da Jamusawa. Sababbin zuwa kuwa daga Poland da Lithuania da Slovakia da Hungary da Italiya suke, kowa da yarensa da cocinsa, kowa na zargin wani da karya farashin aiki. A 1897, a ƙauyen Lattimer kusa da Hazleton, 'yan sandan yanki suka buɗe wuta a kan mahaƙa baƙi masu tattaki ba makami, suka kashe 19. Kotu ta sallami waɗanda suka yi harbin.

Wanda ya ɗinke wannan ɓaraka shi ne John Mitchell, maraya daga jihar Illinois, wanda ya shiga rami yana ɗan shekara 12 kuma ya zama shugaban ƙungiyar mahaƙa ta ƙasa kafin ya cika 30. Mutum ne mai sanyin magana, kullum cikin doguwar baƙar kwat, har baƙi 'yan Katolika kan gan shi kamar limamin coci. Kalmar da ya yi ta maimaita musu ita ce, kwal ɗin da suke haƙowa ba ɗan Poland ba ne, ba ɗan Ireland ba ne, kwal ne kawai. A 1900 ya jagoranci yajin aiki na mako shida ana dab da zaɓen shugaban ƙasa. Sanata Mark Hanna, jigon jam'iyyar Republican, ya ga rikicin na iya jawo wa ɗan takararsa William McKinley asara, sai ya matsa wa Morgan da masu kamfani har suka ba da ƙarin kashi 10 cikin 100. Sun haɗiye abin kamar maɗaci, suka kuma sha alwashin ɗan siyasa ba zai sake murɗe musu hannu ba.

Shi ya sa da ƙungiya ta dawo a 1902 da buƙatunta, wato ƙarin kashi 20 cikin 100, da aikin awa 8 a rana maimakon 10, da awon kwal bisa gaskiya, da amincewa da ita a matsayin bakin ma'aikata, ko zama ba a yi ba. Mitchell ya ce to a ba wasu manyan limaman coci su raba gardama. Baer ya mayar da amsa cewa haƙar kwal kasuwanci ne, ba harkar addini ko tausayi ko muhawarar malamai ba.

Mutumin da ke kan kujera

Roosevelt bai yi kama da wanda zai tsaya wa leburori ba. An haife shi a 1858 a gidan tsofaffin masu kuɗi na New York, ya taso da ciwon asma, ya yi karatu a Harvard, ya shiga majalisar dokokin jiha yana ɗan shekara 23. A can ne wani abu ya same shi da ya daɗe yana ba da labarinsa. An kawo ƙudurin hana naɗa sigari a cikin ɗakunan haya, ya shiga kwamitin da niyyar kashe ƙudurin, sai shugaban 'yan ƙwadago Samuel Gompers ya ja shi unguwannin ya gani da idonsa: iyali guda a ɗaki ɗaya, ganyen taba a kan gado da kusa da abinci, yara na aiki har dare. Ya dawo ya goyi bayan ƙudurin. Aka yi dokar, kotu ta soke ta a 1885 da hujjar kare 'yancin mutum a gidansa. Tun daga nan ya daina yarda cewa alƙalai da lauyoyin kamfani sun san yadda talaka ke kwana.

Sauran tarihinsa a gurguje: matarsa da mahaifiyarsa sun rasu rana ɗaya a Fabrairun 1884, ya tafi Dakota kiwon shanu, ya dawo ya riƙe hukumar 'yan sandan New York, ya yi suna a yaƙin Kyuba na 1898, ya zama gwamnan New York. Iyayen jam'iyya a jihar suka gaji da shi, suka tura shi kujerar mataimakin shugaban ƙasa don ya zauna shiru. Wata shida da rantsar da su aka harbi McKinley a Buffalo, ya rasu ranar 14 ga Satumba, 1901, Roosevelt ya hau yana da shekara 42.

Kada a ɗauka ɗan gwagwarmayar ƙwadago ne. Tsoron juyin juya hali yake, kuma bai da tausayi ga masu tayar da tarzoma. Ra'ayinsa shi ne in masu kuɗi suka ci gaba da taurin kai, su da kansu za su haifo abin da zai cinye su. A Fabrairun 1902 gwamnatinsa ta sanar da cewa za ta kai ƙarar Northern Securities, gamayyar kamfanonin jirgin ƙasa da Morgan ke ciki. Morgan ya zo Washington da kansa ya ce masa, in sun yi wani kuskure ya turo mutuminsa ya gana da nasa su gyara. Roosevelt ya fahimci cewa attajirin kallon wani babban ɗan kasuwa abokin hamayya yake masa. A wannan yanayi tsakaninsu rikicin kwal ya same su.

Daga Yuni zuwa Satumba

Ranar 2 ga Yuni masu kula da injinan zuƙe ruwa suka bi sahun yajin aikin, ruwa ya fara cika wasu ramukan. Roosevelt ya sa kwamishinan ƙwadago Carroll Wright ya binciko masa lamarin. Rahoton ya nuna akwai gyara a ɓangarorin biyu, amma antoni-janar Philander Knox ya gaya wa shugaban a fili cewa ba shi da hurumi: rikici ne tsakanin kamfanoni masu zaman kansu da ma'aikatansu a cikin jiha guda. Abin da tarihi ya sani shi ne gwamnatin tarayya kan shiga yajin aiki ta hanya ɗaya tak, wato da soja. Haka Rutherford Hayes ya yi a yajin aikin jiragen ƙasa na 1877, haka Grover Cleveland ya yi a Chicago a 1894, inda jagoran ma'aikata Eugene Debs ya ƙare a gidan yari.

A ƙarshen Yuli aka yi tarzoma a Shenandoah, aka kashe mutum, gwamna William Stone ya tura dakarun jiha. Wannan ya so ya ba masu kamfani abin da suke nema, sai Baer ya ɓata wa kansa rawa da tsalle. Wani mutum daga Wilkes-Barre ya rubuta masa wasiƙa yana roƙonsa da sunan addini ya sasanta. Baer ya amsa cewa masu tunzura ma'aikata ba su ne za su kare haƙƙin lebura ba, waɗanda za su kare shi su ne mutanen kirki Kiristoci da Allah cikin hikimarsa ya damƙa wa dukiyar ƙasar. Wasiƙar ta faɗa hannun 'yan jarida. Limaman coci da kansu suka yi masa ca, masu zanen barkwanci suka samu abin yi. Girman kai rawanin tsiya. Mutanen da a da ba su damu da mahaƙa ba suka koma tausaya musu, kuɗin tallafi ya riƙa shigowa daga sauran ƙungiyoyi.

Ranar 3 ga Satumba, a garin Pittsfield na jihar Massachusetts, wani jirgin lantarki na cikin gari ya banke keken dokin da Roosevelt ke ciki. Mai tsaron lafiyarsa William Craig ya mutu nan take. Shi kuma ya bugu a ƙafa, ciwon ya kumbura har sai da aka yi masa aiki. Yana kwance saƙonni suka yi ta zuwa. Magajin garin New York Seth Low na tsoron tarzoma in sanyi ya sauka. Abokinsa Sanata Henry Cabot Lodge na tsoron zaɓen majalisa na Nuwamba, domin talakan da ya kwana cikin sanyi jam'iyya mai mulki zai huce a kai. 'Yan jam'iyyar adawa ta Democrat na New York har sun sa a manufofinsu cewa gwamnati ta ƙwace ramukan. Tausayi da lissafin ƙuri'a duk suna cikin abin da ya tayar da shi, kuma ban ga dalilin ɓoye na biyun ba.

Zaman 3 ga Oktoba

Ana gyaran fadar White House a lokacin, don haka aka yi zaman a wani gida da ke dandalin Lafayette, inda shugaban ke zaune na wucin gadi. Ya gayyaci shugabannin kamfanonin, ya gayyaci Mitchell da mutanensa. Gayyatar kanta ita ce sabon abu, domin ba a taɓa zaunar da shugaban ƙungiyar ƙwadago da masu kamfani a gaban shugaban ƙasa a matsayin ɓangarori biyu masu daraja ɗaya ba.

Da safe Roosevelt ya karanta ɗan gajeren jawabi. Ya fara da amsa cewa doka ba ta ba shi iko ko ɗora masa nauyin shiga maganar ba. Sannan ya ce ɓangarori uku ne a rikicin: masu kamfani, da mahaƙa, da jama'ar gari, kuma shi da bakin na ukun yake magana. Mitchell ya miƙe nan take ya ce a shirye suke shugaban ya naɗa kwamiti, duk hukuncin da ya yanke za su karɓa ko da bai yi musu daɗi ba, muddin ɗaya ɓangaren ma zai karɓa. Aka tashi sai ƙarfe 3.

Da aka dawo masu kamfani suka zo da takardu a rubuce, suka riƙa karantawa ɗaya bayan ɗaya. Ba su ko kalli Mitchell ba. Baer ya ce aikin da ke gaban shugaban ƙasa ba ɓata lokaci ba ne wajen ciniki da masu haddasa fitina. Wani daga cikinsu ya tambayi Roosevelt ko so yake su zauna da masu karya doka. Buƙatarsu biyu ce: a turo sojan tarayya, a kuma gurfanar da ƙungiyar a kotu da dokar hana babakere ta Sherman, dokar da aka yi domin irin kamfanoninsu. An ruwaito Roosevelt na cewa daga baya, ba don girman kujerar da yake kai ba da ya ɗauki Baer ta ƙeya da ƙugun wando ya wurga shi ta taga, kuma mutum ɗaya ne ya nuna dattaku a ɗakin, ba kuwa shi ba ne, Mitchell ne. Da dare ya rubuta wa Hanna cewa ya gwada, ya kasa.

Wannan zama shi ake yawan yabawa in ana ba da labarin, alhali ko tarago ɗaya na kwal bai fitar ba. Amfaninsa guda: an buga abin da kowa ya faɗa a jaridu, ƙasa ta ga wanda ya miƙa hannu da wanda ya ture.

Kwana goma sha biyu

Roosevelt ya fara gwada ɓangaren da ya fi sauƙin lanƙwasawa. Ya aika wa Mitchell cewa in mahaƙa suka koma aiki zai naɗa kwamitin bincike, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa kamfanoni su bi sakamakon. Mitchell ya ƙi, kuma yana da gaskiya: in suka koma rami a kan alkawarin ƙoƙari, sun saki abin da ke hannunsu ke nan. Gwamna Stone kuma ya tura dukkan dakarun jihar zuwa yankin. Masu kamfani sun daɗe suna cewa tsoron duka ne ya hana mutane komawa aiki, a ba su kariya a gani. Aka ba su, mutane ba su koma ba. Rassan ƙungiya suka sake kaɗa ƙuri'a suka ce yajin aiki na nan.

Daga nan Roosevelt ya shirya abin da har yau ake gardama a kai. Ya kira Janar John Schofield mai ritaya, wanda shi ne babban hafsan sojan ƙasa lokacin da aka murƙushe yajin aikin 1894. Umarnin da ya ba shi ya sha bamban da na wancan karo: in an ba da alama, ya shiga yankin da soja 10,000, ya karɓe ramukan daga hannun masu su, ya gudanar da su da sunan gwamnati, kada ya saurari kowa sai shugaban ƙasa, ko da takardar kotu aka kawo masa. Wani ɗan majalisa, James Watson, ya ba da labari daga baya cewa ya tambayi shugaban ina aka bar kundin tsarin mulki, sai Roosevelt ya damƙi kafaɗarsa ya ce an yi kundin ne domin mutane, ba a yi mutane domin kundin ba. Masana tarihi sun rabu, wasu na ganin barazana ce kawai, wasu na ganin da gaske yake. Shi dai har ya mutu yana cewa da ya aikata.

Ministan yaƙi Elihu Root, tsohon lauyan manyan kamfanoni, shi ya ga ƙofar da sauran ba su gani ba. Ya lura masu kamfani sun hau dokin da ba su san yadda za su sauka ba. Sun rantse ba za su yi ciniki da ƙungiya ba, amma ba su rantse ba za su amsa kiran kwamitin shugaban ƙasa ba. Ranar 11 ga Oktoba ya tafi New York ya gana da Morgan a cikin jirgin ruwansa na shaƙatawa mai suna Corsair. Suka tsara takarda wadda za ta fito kamar shawarar masu kamfani ce, duk da cewa kusan abin da Mitchell ya faɗa ne kwana takwas da suka wuce. Morgan ya kai musu, kuma wanda ke riƙe da bashinka in ya ba ka shawara umarni ne. Ranar 13 ga wata ya kawo takardar Washington.

Sai dai sun saka sharaɗi. Kwamitin mutum biyar ne, kuma sun fayyace irin kowane: injiniyan soja, injiniyan ma'adinai, alƙalin kotun tarayya na yankin, wanda ya san kasuwancin kwal, da fitaccen masanin zamantakewar al'umma. Babu ɗan ƙwadago ko ɗaya. Mitchell ya ce zai yarda in an ƙara mutum daga ƙungiyoyin ƙwadago da bishop na Katolika, tunda yawancin mahaƙan 'yan ɗariƙar ne. Roosevelt ya so ya saka tsohon shugaba Cleveland, wanda ya riga ya amsa, masu kamfani suka ce ba sa so.

Daren 15 ga Oktoba abokan kasuwancin Morgan biyu, Robert Bacon da George Perkins, suka zo wurin shugaban. Aka yi ta waya da New York har tsakar dare, su biyun hankalinsu a tashe suna maganar yaƙin basasa, amsa kuwa ɗaya ce: ba za a ƙara kujerar ɗan ƙwadago ba. Ana cikin haka Bacon ya faɗi wata magana a gefe, cewa su ba ruwansu da wanda shugaban zai naɗa, muddin a ƙarƙashin sunayen nan biyar ya naɗa shi. Roosevelt ya ce to ya naɗa E. E. Clark, shugaban ƙungiyar kwandastocin jirgin ƙasa, a matsayin fitaccen masanin zamantakewa. Aka buga waya. Suka amince da murna. Ya ƙara Bishop John Spalding na Peoria, suka amince. Wright ya shiga a matsayin magatakarda, daga baya ya zama cikakken mamba na bakwai.

A tarihin rayuwarsa da ya wallafa a 1913 Roosevelt ya ce ba zai manta da sauƙin da ya ji a daren ba, haɗe da dariya, ganin manyan mutane sun gwammace ƙasa ta kama da wuta a kan suna. Da Hausa sai mu ce Ɗanjuma suka ƙi, suka rungumi Ɗanjummai. Amma dariyar ba ta kamata ta rufe abin da ya yi ba. Ya samu damar kunyata mutanen da suka ci masa fuska a gaban baƙi, ya bar ta ta wuce, ya bar su da taken da suke so ya ɗauki mutumin da yake so. Wakilan mahaƙa suka taru a Wilkes-Barre suka amince, ranar 23 ga Oktoba aka koma rami bayan kwana 163. A zaɓen Nuwamba jam'iyyarsa ta riƙe majalisa.

Abin da kwamitin ya yanke

Alƙali George Gray ne ya shugabanci kwamitin. Sun fara da shiga ramukan da kansu, sannan suka zauna a Scranton da Philadelphia wata uku, suka saurari shaidu 558. Lauyan mahaƙa Clarence Darrow ya riƙa kawo mutanen da kansu: makafi, masu dungu, zawarawan da aka kora daga gidan kamfani, 'yan mata ƙanana masu aikin dare a masaƙar siliki saboda abin da uba ke samu ba ya isa, da wani yaro da ake zare ladansa ana biyan bashin haya da mahaifinsa ya mutu ya bari.

Hukunci ya fito a Maris na 1903. Ƙarin kashi 10 cikin 100, rabin abin da aka nema. Awa 9 ga yawancin masu aikin yini, 8 ga wasu. Mahaƙa na iya ɗaukar nasu mai sa ido a bakin sikeli, su biya shi. An kafa hukumar sasantawa mai mutum shida, uku daga kowane ɓangare. Kwamitin ya soki 'yan sandan da kamfanoni ke ɗauka haya, ya kuma soki dukan da aka yi wa waɗanda suka ƙi shiga yajin aiki. Farashin kwal ya tashi, wato mai saye ne ya biya ƙarin.

Amincewa da ƙungiya kuwa, wadda ita ce uwar buƙatun, ba a ba su ba. Ko a zaman kwamitin, an karɓi Mitchell ne a matsayin wakilin mahaƙa, aka ƙi rubuta shi a matsayin shugaban ƙungiya. Wasu 'yan gwagwarmaya sun zarge shi da sayar da nasarar da ke hannu, suna cewa da ya ƙara haƙuri har ƙanƙara ta sauka da ya samu duka. Ni ban gamsu ba. Jarinsa tausayin jama'a ne, kuma tausayi ba ya jure daren farko da yaro ya mutu da sanyi a New York. Amma gaskiya ne cewa kamfanoni sun fita da abin da suka fi so su tsare, kuma aikin awa 8 sai a 1916 ya tabbata a yankin.

Roosevelt ya fita da wani abu daban. Ya samu taken da ya yi yaƙin zaɓen 1904 da shi, cewa kowa, mai kuɗi da lebura, a yi masa awo da mudu ɗaya, ya kuma lashe zaɓen da gagarumin rinjaye. A Fabrairun 1903 majalisa ta kafa ma'aikatar kasuwanci da ƙwadago, da ofishin binciken kamfanoni a cikinta. Dokar Hepburn ta 1906, wadda ta ƙayyade kuɗin dakon jirgin ƙasa, ta ƙunshi sashen da ya hana kamfanin jirgin ƙasa dakon kayan da shi ya haƙo, kuma kowa ya san da masu kwal ake. Lauyoyi sun yi ta wasa da sashen, sai a 1920 Kotun Ƙoli ta raba Reading da kamfanin kwal ɗinta, shekara shida bayan mutuwar Baer.

Ya kuma fita da wata aƙida mai kaifi biyu: shugaban ƙasa na iya yin duk abin da buƙatar jama'a ta kira, matuƙar kundin tsarin mulki ko doka ba su hana a fili ba. A 1902 aƙidar ta yi wa talaka rana saboda wanda ke riƙe da ita ya ga dama. A 1906 mutumin nan ɗaya ya kori baƙaƙen sojoji 167 a kan wani rikici a garin Brownsville na jihar Texas ba tare da shari'a ba. A 1907 ya tura soja garin Goldfield na jihar Nevada bisa roƙon gwamna, masu ma'adinai suka fake da su suka rage albashi, sai daga baya ya gane an yi amfani da shi ya janye su. Shirin Schofield kuwa ba a gwada shi a kotu ba sai bayan shekara 50, lokacin da Harry Truman ya karɓe masana'antun ƙarfe a 1952 don hana yajin aiki ana tsakiyar yaƙin Koriya. Kotun Ƙoli ta ce ba shi da wannan iko, alƙalai 6 suka rinjayi 3.

Roosevelt ya rasu a Janairun 1919, Mitchell ya bi shi a Satumbar shekarar yana da shekara 49. A Scranton aka binne shi. Mahaƙa sun daɗe suna hutun ranar 29 ga Oktoba da sunansa, kuma a 1924 suka kafa masa mutum-mutumi a harabar kotun gundumar Lackawanna, ginin da kwamitin Gray ya fara sauraron shaidu a cikinsa.